Daga Keken Sinclair Zuwa Ƴar Motar Ami: Yadda Ake Tsara Ƙaramar Motar Lantarki Ta Cikin Gari



A ranar 10 ga watan Janairu na shekarar 1985, ana tsakiyar hunturun ƙasar Ingila, aka tara ƴan jarida a wani babban ɗakin taro da ake kira Alexandra Palace, a arewacin birnin Landan, domin a nuna musu wani sabon abin hawa wanda mai shi ya haƙiƙance zai canza yadda mutanen birni ke zuwa wurin aiki da kasuwa. Abin hawan nan ƙafa uku gare shi, mutum ɗaya yake ɗauka, da batir yake tafiya. Tsawonsa bai kai mita 2 ba, tsayinsa daga ƙasa kuwa bai wuce santimita 80 ba, wato da ƙyar ya kai ƙugun baligi. Sunansa Sinclair C5, kuɗinsa fam 399. Kafin shekarar ta fita an daina ƙera shi, kamfanin ya durƙushe, kuma har yau in Baturen Ingila yana son ya ba da misalin ƙirar da ta faɗi warwas, sunan C5 yake fara kirawa.

Shekara 35 bayan haka, a ƙarshen watan Fabrairu na 2020, kamfanin motoci na Citroën ya tara nasa ƴan jaridar a gefen birnin Paris, ya yaye mayafi daga kan wata ƴar mota mai kama da akwati, wadda in ka hango ta daga nesa ba ka iya cewa ga gabanta ga bayanta. Sunanta Ami, kalmar da duk mai jin Faransanci ya san aboki take nufi. Ita ma ta sha dariya a ranar farko. Sai dai cikin shekara huɗu an sayar da sama da 50,000, har kamfanonin Opel da Fiat suka ɗauki ƙirarta suka laƙaba mata nasu sunayen, Rocks da Topolino.

Abin da ya sa muka ga ya dace mu jera su a wannan shafi shi ne kamanninsu ya yi yawa. Buƙata ɗaya suka zo biya. Dukansu an tsara su ne a kan wata doka da ta sauƙaƙa wa ƙananan ababan hawa, dukansu yaro ɗan shekara 14 yana iya tuƙa su a ƙasarsu, dukansu kuma an kwashe musu kaya masu yawa domin su yi araha. Bambancin yana cikin abin da kowanne ya zaɓi ya kwashe.

Lissafin da ba ya canzawa

Buƙatar da ta haifi ababan hawan biyu a fili take ga duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi da safe. Motar gida ta yau da kullum nauyinta ya haura tan guda. An ƙera ta ne domin ta ɗauki mutum biyar da kayansu ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a babbar hanya, alhali a yawancin ranakun shekara mutum ɗaya ne a cikinta, nauyinsa bai wuce kilo 70 ko 80 ba, inda za shi kuma bai fi kilomita 5 ko 10 ba. Ke nan kusan duk man da aka ƙona ya tafi ne wajen jan ƙarfen motar, rabon direba ɗan kaɗan ne. In ta isa kuma sai ta tsare fili wuni guda tana jiran mai ita. Tamkar a ɗaura wa raƙumi sirdi ne domin a kai ƙullin gishiri gidan maƙwabci.

Mai tsara ƙaramar motar lantarki yana zaune ne tsakanin abubuwa uku masu jan juna, wato nauyi, da nisan zango, da kuɗi. In ya ce zai ƙara nisan da za ta yi kafin a sake yi mata caji, dole ya ƙara batir, batir kuwa yana cikin abubuwa mafi nauyi da mafi tsada a jikinta. Da nauyi ya ƙaru sai a buƙaci inji mafi ƙarfi, da birki mafi girma, da ƙashin mota mafi kauri, waɗannan kuma su sake ƙara nauyi, nauyin ya dawo ya cinye wani kaso na nisan da aka ƙaro. Sa'an nan ga iska. Turjiyar iska ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in gudu ya ninka biyu ita ninkawa huɗu take yi, ƙarfin da inji zai fitar domin ya keta ta kuwa ya ninka takwas. Shi ya sa motar da ta yarda ta tsaya a kilomita 25 ko 45 a awa take iya wadatuwa da ɗan ƙaramin batir, wanda motar babbar hanya za ta zuƙe cikin mintoci kaɗan.

Saboda haka aikin mai zane a nan mafi yawansa aikin ragi ne. Tambayar da yake kwana da ita yake tashi da ita guda ce: me zan cire?

Abin da Sinclair ya cire

Clive Sinclair, wanda aka haifa a 1940, ba baƙon ƙere-ƙere ba ne. Shi ne ya fito da wata siririyar na'urar lissafi ta aljihu a 1972, shi ne kuma ya shigar da kwamfuta gidajen talakawan Ingila da ZX80 a 1980, wadda kuɗinta bai kai fam 100 ba, sa'an nan ZX81, sa'an nan ZX Spectrum a 1982, wadda aka sayar da miliyoyinta. A 1983 Sarauniya ta ba shi lambar girma ta Sir. Dabararsa guda ce a duk waɗannan: ya ɗauki abin da ake ganin na masu hali ne, ya ƙanƙanta shi, ya kwashe duk abin da zai kwasu, ya sayar da araha. Ta yi masa aiki a kan kwamfuta, domin mai kwamfuta a ɗakinsa yake zaune, in maɓallan ba su da daɗin taɓawa sai ya yi haƙuri, ba abin da zai same shi.

A 1983 ɗin nan ne gwamnatin Birtaniya ta yi wata doka a kan kekunan da lantarki ke taimaka wa. Dokar ta ce in abin hawa yana da feda, gudunsa da inji bai wuce mil 15 a awa ba, kimanin kilomita 24 ke nan, injinsa bai wuce wat 250 ba in mai ƙafa uku ne, nauyinsa kuma bai haura kilo 60 ba, to keke ne a idon hukuma. Babu parmi, wato takardar izinin tuƙi, babu inshora, babu harajin hanya, babu hular kwano, kuma ɗan shekara 14 yana iya hawa. Sinclair ya daɗe yana mafarkin motar lantarki, sai ga ƙofa ta buɗe masa. Aka yanka C5 daidai da wannan doka, kamar yadda tela ke yanka riga daidai da yadin da aka kawo masa.

Kada mai karatu ya ɗauka aikin ganganci aka yi. Kamfanin Lotus, mai ƙera motocin tsere, shi ya yi aikin ƙashin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Gangar jikin zubin roba ce, marar nauyi, ba ta tsatsa. Injin daga wani kamfani na Italiya ya zo, aka kuma ba kamfanin Hoover, wanda aka sani da injunan wanki da na shara, aikin harhaɗawa a masana'antarsa ta garin Merthyr Tydfil a yankin Wales. Daga nan ne ma jita-jita ta bazu cewa injin wanki aka ɗaura wa keke, maganar da ba ta da tushe amma ta manne masa har yau. Duka-duka, har da batir, nauyinsa kilo 45 ne. Mahayi a kishingiɗe yake kamar mai hutawa bayan cin abinci, ƙafafunsa a gaba bisa feda, abin juya kan keken kuma a ƙarƙashin cinyoyinsa yake, hannuwansa na sauke a gefe. An kwantar da shi haka ne domin ya keta iska da sauƙi, tunda injin wat 250 bai fi sulusin ƙarfin doki guda ba, ko ƴar ribar da aka samu daga iska abin so ce.

A nan ne, a ganina, aka yi cinikin da ya kashe kasuwar. An sayi sauƙin keta iska da tsayin mahayi. Kansa ya dawo daidai tayar babbar mota, hancinsa daidai bututun hayaƙin bas, direban da ya duba madubi kuma ba lalle ya gan shi ba. Kamfanin da kansa ya san da haka, domin cikin kayan ƙari da yake sayarwa akwai wata doguwar sanda mai ƙyalli da ake kafawa a baya don a hango shi, kuma kuɗinta daban ne. Abin hawan da sai an kafa masa tuta kafin a gan shi, ai ya riga ya faɗi aibinsa da bakinsa.

Babu rufi, babu ƙofa, a ƙasar da ruwan samanta bai san damina ba bai san rani ba. Babu ribas: in ka shiga lungu sai ka sauka ka ɗaga shi ka juya da hannu. Kujerar ba ta matsawa gaba ko baya, dogo da gajere ma'auni ɗaya aka yi musu. Fedar giya ɗaya gare ta, ga shi kuwa a kan tudu dole mahayi ya taimaki injin da ƙafa, in ba haka ba injin ya yi zafi ya tsaya. Bugu da ƙari, aka zaɓi watan Janairu domin nuna shi, a wani wuri da ke bisa tudu. Ƴan jarida suka hau suna makyarkyata, wasu batir ya ƙare musu a hanya, wasu tudu ya gagare su. Washegari jaridu suka yi abin da suka saba.

An yi alkawarin mil 20, wato kilomita 32, a caji ɗaya. Ƙungiyoyin da suka gwada shi sun samu kusan rabin haka. Cikin wata uku aka rage ƙira da kashi 90 cikin ɗari, a watan Agusta aka tsayar da ita ɗungum, a watan Oktoba kuma kamfanin Sinclair Vehicles ya faɗa hannun masu bin bashi. An ƙera kimanin 14,000, an sayar da wajen 5,000 kafin rushewar. Miliyoyin fam daga aljihun Sinclair suka tafi, manyan motocin da ya yi niyyar biyo baya da su, C10 da C15, suka tsaya a takarda. A 1986, da kasuwar kwamfutarsa ita ma ta yi rauni, ya sayar da ita haɗe da sunansa ga kamfanin Amstrad a kan fam miliyan 5.

Laifin batir, da iyakar laifin

Adalci ya sa a faɗi cewa akwai abin da ya fi ƙarfin Sinclair, shi ne batir. Na C5 irin na dalma da ruwan asid ne, ɗan uwan wanda ke tayar da injin mota, fasahar da wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro tun 1859. Nauyinsa kilo 15, sulusin nauyin keken gaba ɗaya, amma wutar da yake riƙewa ba ta kai rabin kilowat-awa ba. Domin a gane ƙanƙantar wannan, lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da makamashin da ya kai kimanin kilowat-awa 9, wato ninki 20. Sanyi yana rage wa batirin dalma ƙarfi, yawan zuƙe shi ƙarƙaf kuma yana gajarta masa kwana. Batirin litiyom, irin na wayar da ke aljihunku, sai a 1991 kamfanin Sony ya fito da shi kasuwa, shekara shida bayan an binne C5, kuma ya ɗauki wasu shekaru masu yawa kafin kuɗinsa ya sauko inda za a iya sa shi a mota. A kowane kilo yana riƙe ninki huɗu ko biyar na abin da na dalma ke riƙewa.

Duk da haka batir bai isa uzuri ba. A 1941, lokacin da sojojin Jamus suka mamaye Faransa fetur ya yi wuyar samu, kamfanin Peugeot ya ƙera wata ƴar motar lantarki mai suna VLV, da batiran dalma, mai ɗaukar mutum biyu, mai rufin tamfol, tana gudun kusan kilomita 35 a awa, tana kuma yin wajen kilomita 75 a caji ɗaya. Ba a kai ga ƙera 400 ba, amma likitoci da ma'aikatan gidan waya sun yi aiki da ita. Babbar hujja kuma tana ƙasar Sin. Daga ƙarshen shekarun 1990 kekunan lantarki masu ƙafa biyu suka cika biranenta, yawancinsu da batirin dalma irin wanda aka ɗora wa laifi a Ingila, har yawansu ya haura miliyan 300. Mahayinsu a zaune yake sosai, kansa a sama, yana ganin hanya ana ganinsa, yana iya kutsawa ta cikin cunkoso, ya jingine kekensa a ƙofar gida. Ashe Sinclair bai yi kuskure ba da ya ce mutanen birni za su karɓi ƙaramin abin hawa na lantarki mai ɗan gudu. Zaman da ya ba su ne suka ƙi.

Abin da Citroën ya cire

Faransa tana da tsohuwar al'ada ta ƙananan motoci da ake tuƙawa ba tare da parmin mota ba. Kamfanoni irin su Aixam da Ligier sun daɗe suna ƙera su da ƙananan injunan dizal, galibi dattawan ƙauye ke saye, da kuma waɗanda hukuma ta ƙwace wa parmi, kuma ba su da araha, domin sabuwa takan haura Yuro 10,000. Dokar Tarayyar Turai ta sa musu iyaka: gudu kada ya wuce kilomita 45 a awa, inji kada ya wuce kilowat 6, nauyi kada ya wuce kilo 425 ban da batir, mutum biyu kawai. A Faransa ɗan shekara 14 yana tuƙa su bayan ya samu ƙaramin parmin da ake kira AM, wanda horonsa na awa 8 ne, wanda kuwa aka haifa kafin 1988 ba ya buƙatar komai. Amma akwai lamba, akwai inshora.

Ami ma daidai da doka aka yanka ta. Tsawonta mita 2.41, faɗinta 1.39, tsayinta 1.52, injinta kilowat 6, gudunta 45. Batirinta na litiyom ne mai kilowat-awa 5.5, kusan ninki 13 na na C5, amma duk da haka bai kai makamashin da ke cikin lita ɗaya ta fetur ba, kuma da shi take yin kimanin kilomita 75. Wayar cajin tana naɗe a jikin ƙofar fasinja, a jawo ta a jona a bango wurin da ake jona firji, cikin awa uku zuwa huɗu ta cika. Kuɗin da aka fara sa mata Yuro 6,000 ne bayan an cire tallafin gwamnati, wato kusan miliyan 4 na sefa.

Yadda aka kai ga wannan farashi shi ne wurin da ya fi ba ni sha'awa a labarin duka. A masana'antar mota, abin da ke cin kuɗi tun kafin a ƙera ko mota ɗaya shi ne mazubai, wato manyan ƙarafan da ake zuba ko matse kowane sashe a ciki. Kowane sashe da nasa mazubi, kowane mazubi da nasa maƙudan kuɗi. Sai masu zanen Ami suka ce to a rage yawan sassan da suka bambanta. Robar gaba da ta baya iri ɗaya ce, daga mazubi ɗaya suka fito, launin fitilu ne ke gaya maka inda ta dosa. Ƙofar dama da ta hagu ma abu ɗaya ne sak. To amma ƙofa ɗaya in aka kai ta ɗaya gefen ai maƙallanta sun juya, saboda haka ƙofar fasinja tana buɗewa yadda aka saba, ta direba kuwa maƙallanta a baya suke, ta gaba take buɗewa. Baƙo yakan ɗauka ado ne, alhali tsimi ne. Tagogin rabinsu na ƙasa ake turawa waje a ɗaga sama da hannu, dabarar da aka aro daga tsohuwar 2CV, wadda dattawanmu da suka yi zamani da Faransawa ba su manta da ita ba. A cikin ƙofa igiyar yadi ake ja a buɗe. Babu fenti, domin launin yana cikin robar tun daga zubi, wannan kuwa ya kawar da sashen fenti, ɗaya daga cikin sassa mafi tsada a kowace masana'antar mota. Babu rediyo, babu allon taswira, sai ɗan maƙalli da direba zai sa wayarsa, tunda kowa yana da ita. Gaba ɗaya sassanta ba su kai 250 ba, alhali na motar yau da kullum dubbai ne.

An rage kuɗi ta wajen sayarwa ma, domin ta intanet ake yin odarta, an kuma baje ta a shagunan Fnac da Darty, inda Faransawa ke sayen littattafai da firji. Wurin ƙira kuwa a nahiyarmu yake, a birnin Kenitra na ƙasar Maroko, arewa da Rabat, a masana'antar da aka buɗe a 2019. Ma'aikatar gidan waya ta Maroko tana cikin waɗanda suka fara ɗaukar ta domin rabon saƙonni.

Yanzu a dubi abin da aka bari. Akwai rufi, akwai ƙofofi masu rufuwa, akwai gilashi ta kowane gefe. Akwai ƙafa huɗu, da keji na bututun ƙarfe a ƙarƙashin robar, da bel, da ribas, da ɗan abin ɗumama ɗaki saboda sanyi. Kujeru biyu ne gefe da gefe, an ɗan ja ta fasinja baya domin kada kafaɗu su riƙa gogar juna a wannan ƙuncin. Mafi girma duka, direba yana zaune ne a tsayin da idonsa ke haɗuwa da idon sauran direbobi. Duk abin da aka cire mata na kwalliya ne ko na jin daɗi. Abin da ke tsakanin jikin mutum da ruwan sama, ko tsakaninsa da tayar bas, an bar shi. Kamfanin Renault ma ya gwada wannan fage tun 2012 da wata mai suna Twizy, wadda fasinja ke zama a bayan direba kamar goyon babur, ƙofofinta kuma sai ka biya daban, su ma ba su da gilashi. An daina ƙera ta a 2023.

Inda maganar ba ta ƙare ba

Kada yabon nan ya rufe mana ido. A idon doka Ami ba mota ba ce, kuma ba a tilasta mata gwaje-gwajen karo irin waɗanda ake tilasta wa motoci. Ba ta da jakar iskar nan da ke fashewa ta tare ƙirjin direba in an yi karo. Hukumar Euro NCAP, mai gwada ƙarfin motoci a Turai, ta gwada wasu daga cikin irin waɗannan ƙananan motoci a 2014 da 2016, kafin zuwan Ami, sakamakon kuwa bai yi daɗin ji ba. An hana ta hawa manyan hanyoyi masu saurin gudu, amma an yarda ta bi hanyoyin ƙauye inda sauran motoci ke zuwa da gudun 80, ita tana rarrafe da 45. A 2023 wani hoton bidiyo ya zagaye duniya, na wata Ami da ta kife a wata matsattsiyar kwana ta birnin Monako saboda direban ya shigo da gudu. Mota gajera mai tsayi tana da iyakarta.

Ga kuma maganar da ta shafi kowane uba da kowace uwa. A Faransa da Italiya da yawa daga masu sayen ta iyaye ne, suna saya wa ƴaƴansu ƴan makarantar sakandare. Hujjarsu ita ce yaron nan ko ta yaya zai hau wani abu, in ba wannan ba to ƙaramin babur, gara a sa shi cikin keji mai rufi da bel a kan a bar shi da hular kwano kaɗai. Hujjar tana da ƙarfi, ban musa ba. Amma awa 8 na horo ba sa mayar da ɗan shekara 14 ya zama mai hankalin ɗan 30, kuma abin da yake tuƙawa nauyinsa ya kusa rabin tan, in ya bugi mai tafiya a ƙasa ba zai tambayi shekarun direba ba, Allah ya kiyaye. Dokar da ta buɗe wa C5 da Ami kasuwa ita ce dai ta sa yara cikin titi, kuma mai zane ba shi da ikon gyara wannan da roba ko ƙarfe.

Na san mai karatu a Yamai ko Maraɗi ko Garwa zai tambaya, shin za ta yi a nan? Yadda take a yanzu, da wuya. An tsara ta ne domin sanyi: rufinta gilashi ne, ba ta da na'urar sanyaya ɗaki, tagoginta rabi suke buɗewa, wanda ya san zafin watan Afrilu ya san abin da wannan ke nufi. Zafi mai tsanani yana tsufar da batirin litiyom da wuri. Yashi da ramukan damina suna son abin hawa mai ɗagaggen ciki, gidajenmu kuma ba na mutum biyu ba ne, miliyan 4 kuwa babura da yawa ne. Abu ɗaya ne ke gefenmu, shi ne rana: faifan sola uku ko huɗu masu wat 400 suna iya tara wutar da za ta cika batir irin nata a wuni ɗaya. Duk ɗanmu da zai zauna ya zana irin tamu, da wannan tambayar ta ragi zai fara, sai dai amsarsa za ta bambanta, domin zai iya yar da abin ɗumama ɗaki da gilashin gefe, amma inuwa da tsayin ciki da wurin ɗora buhu ba sa cikin abin da zai taɓa.

Sir Clive Sinclair ya rasu a watan Satumba na 2021, shekara guda da ƴan watanni bayan Ami ta shiga kasuwa. Kekunansa da aka rasa masu saye a 1985 yanzu masu tara kayan tarihi ne ke neman su, suna da ƙungiyoyinsu, sukan haɗu su yi jerin gwano a ranakun hutu. Da yawansu sun cire tsohon batirin dalma sun sa na litiyom, kuma da shi C5 yana wuce kilomita 32 ɗin da aka yi alkawari ba tare da wahala ba. Tsayinsa dai yana nan santimita 80, kuma har yanzu masu fita da shi titi sukan kafa masa sandar nan a baya.